Daɓen Ƙarshe a Gidanmu na Kaladan

Kwanakin baya ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a unguwar Lamashegu, nan Tamale, sai yalo-yalon da na shiga, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya tsaya a gaban wani fili da ake gini. Wani ma'aikaci yana tura injin danne ƙasa, injin yana tsalle yana dukan tsakuwa, dif-dif-dif, ba hutu, ba waƙa. Ban san lokacin da na fara buga cinyata da tafin hannu ina bin sautin ba, sai da matar da ke zaune kusa da ni ta ce, "'Yar'uwa, lafiya dai?" Na ce mata lafiya lau. Amma har na sauka hannuna bai daina ba, kuma tun ranar wata tambaya da na zaci na binne ta tun ina yarinya ta taso ta zauna mini a ƙirji. Ban tsufa ba, ko furfura ɗaya babu a kaina. Sai dai garin nan yana sauya kama da saurin da yake mai da mutum tsoho tun yana da sauran ƙuruciya. Nakan nuna wa ɗalibaina wani shago in ce a da akwai bishiya a nan, sai su dube ni kamar wadda ta ga zamanin da ba a haifi iyayensu ba.

A unguwar Kaladan na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. Mahaifiyata tana Kumasi tana sayar da atamfa, sai Kirsimeti muke ganinta. Kakana soja ne, ban riske shi ba. Daga bariki suka fito da Hausa a bakinsu, ita ta zama harshen gidanmu, da ita muke faɗa, da ita muke addu'a. Mu Kirista ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, Dagomba da Hausawa 'yan kasuwa, kuma a lokacin ban san wannan abin magana ba ne. Kiran sallar asuba shi ke tashin Kaka ta yi tata addu'ar, ranar da ladan ya makara kuwa har mita take yi, wai ya sa ta makara wurin Ubangijinta. Daga nan sai ƙarar tsintsiya, sai sallamar mai koko, sai matan Dagomba da ke wucewa ɗibar ruwa suna jefo gaisuwarsu ta safe "dasiba" ta kan katanga, Kaka tana amsa "naa" ba tare da ta ɗago kai ba. Yanzu abin da ke tashina shi ne babura, da waya, da rediyon maƙwabcin da ban san sunansa ba.

Gidan ɗakuna huɗu ne na ƙasa, ba su da wani abin kallo. Abin alfaharinmu tsakar gidan ce. Daɓe ne ja mai duhu kamar goron da aka tauna, mai santsi, mai sheƙi, wanda ko a tsakiyar bazara idan ka taka shi da safe sai sanyinsa ya hau maka har gwiwa. A kansa muke cin tuwo, a kansa ake shanya kuɓewa da barkono, a kansa na koyi rubutu da yatsa a jiƙe, ina rubutawa yana shanyewa. Kuma ba a yinsa sau ɗaya a huta. Duk shekara, idan ɗorawa ta nuna, kafin ruwan farko ya sauka, sai Kaka ta tara ɓawon ɗorawa ta jiƙa a babbar tukunya har kusan mako guda, ruwan ya koma baƙi-baƙi mai ɗaci, shi ne makuba. Sai a farfasa tsohon daɓen inda ya gaji, a kawo jar marmara da tsakuwa, a cuɗa da kashin shanu, a baje, a yayyafa ruwa. Sannan a kira gayya. Mata su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowacce da madaɓinta na itace, a sunkuye, suna duka tare suna ja da baya taku-taku. Kaka ce ke ba da waƙa. Takan ce, "Ƙasa, kwanta mana," sai su amsa, "Mu ma za mu kwanta miki," madaɓai su sauka lokaci guda har ka ji shi a haƙoranka. Bayan an gama sai a yi kwana uku ana shayar da shi makuba, ana tsare shi daga rana da dabbobi, har ya kama.

Na taɓa tambayar Kaka me ya sa ba za a yi mai ƙarfi sau ɗaya a huta ba. Ta ce, "Ƙasa ba ta tsufa, ƙawata, gajiya take yi. Mai gajiya kuwa tashinsa ake yi, ba yar da shi ba." Ƙawata take ce mini ko da tana faɗa. Daga nan ne kuma take ɗauko maganar ƙarshen duniya, don ita ba ta iya karatu ba, abin da ta ji a coci sai ta kawo shi tsakar gida ta auna. Ta ce an yi wa masu bi alkawarin sabuwar sama da sabuwar ƙasa, kuma ita ta gane abin da ake nufi: ranar da Yesu zai dawo, zai yi wa duniya abin da muke yi wa tsakar gidan nan. Zai farfasa inda ya lalace, ya baje, ya daɓe, ya shayar, sannan ya ce wa 'ya'yansa ku shigo ku zauna, wannan karon ba zai sake tsagewa ba. "Wa ya taɓa yar da gidansa don ya tsage?" in ji ta. Da haka na girma ina ganin gidanmu na har abada kamar tsakar gidanmu ne washegarin daɓe, sai dai ya fi faɗi, kuma babu wanda bayansa ke ciwo.

Shekarar da nake son ba da labarinta, ina 'yar shekara goma ko kusa da haka, Kawu ya zo ya tarar Kaka tana jiƙa ɓawon ɗorawa. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, magini ne, da siminti da bulo yake aiki, kuma yana son uwarsa so irin na masu faɗa.

Ya ce, "Mma, kin sake farawa? Duk shekara sai kin yi mako biyu a kwance bayan wannan aiki. Ana zagina a gari fa. Wai magini guda, uwarsa tana dukan ƙasa da itace."

Kaka ta ce, "Su zage ka mana, ai don haka aka yi maka kunne."

"Bara ma ya tsage."

"Bara mata tara ne suka zo."

"Bana shida za su zo, baɗi uku. Duk gidajen layin nan sun zuba siminti, wa za ki je ki rama wa gayya? Mma, mu yi magana ɗaya. Ki yi na bana. In ya kama, na yi shiru. In ya lalace, zan kawo siminti in zuba, kuma ba za ki hana ni ba."

Kaka ta daɗe tana juya ɓawon da muciya. Sannan ta ce, "Na ji. In ya lalace, zuba." Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki na ji su, kuma na san abin da aka ɗora a kai: in daɓen bana bai kama ba, Kaka ta gama daɓe har abada.

Ran Asabar aka yi gayya. Tun da sassafe Inna mai nono ta iso daga rugarsu ta bayan gari. Bafulatana ce, aminiyar Kaka tun kafin a haifi mahaifiyata, kuma duk shekara ran daɓe takan ajiye ƙwaryar nono ta ɗauko babban kwano cike da kashin shanu a ka. Tana shigowa ta ce, "Ke 'yar coci, fito ki karɓi turarenki!" Kaka ta ce, "Ajiye can nesa, 'yar daji, kada gobe in ji ƙamshinsa a nonon da za ki sayar mini." Mata bakwai ne suka zo, yawancinsu sa'annin Kaka, amma sun yi aiki kamar ashirin, don duk sun ji sharaɗin Kawu. Ni ce mai yayyafa ruwa a gabansu. Har yau idan na rufe ido ina ganin bayansu a jere, gumi yana bin tsakiyar baya, zannuwa a ɗaure a ƙirji, ina jin muryar Kaka tana dishewa amma ba ta sauka ba. Da la'asar aka gama. Inna mai nono ta durƙusa ta shafa shi da bayan hannu ta ce, "Wallahi wannan ko ɗanki ya zo da guduma sai ya ji kunya." Na ga yadda Kaka take kallon daɓen. Ban taɓa ganin ta kalli mutum haka ba.

Washegari Lahadi muka tafi coci. An kawo mana sabon fasto a watan, saurayi daga kudu wanda ya koyi Hausa a zangon Kumasi, mutumin kirki mai yawan murmushi, sai dai in ya hau mumbari kamar wani aka sauya. Rufin kwano ne, zafin bazara yana sauka a kanmu kamar an kifa mana kasko. A cikin wannan zafin ya yi wa'azi a kan ranar ƙarshe. Ya ce duk abin da idonmu ke gani wuta za ta cinye shi, gidaje, gonaki, itatuwa, har duwatsu sai sun narke. Ya ce kada mu ɗaura zuciyarmu a kan ƙasar nan, baƙi ne mu a cikinta, gidanmu yana sama, inda tituna na zinariya ne. Na juya in ga fuskar Kaka, don na san ba za ta yarda ba. Sai na tarar tana gyangyaɗi, kumburarrun hannayenta a kan cinya. Gajiyar jiya ta ɗauke ta. Duk cocin nan aka amsa amin, ni kaɗai na fito da labarin a kaina kamar tulun da ya fi ƙarfina, kuma wadda zan sauke wa ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Da rana Kaka ta shirya zuwa unguwar Changli gaisuwar rasuwar wata 'yar cocinmu. Ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Ƙawata, abu uku. Zanan nan na ƙofa a rufe yake zama. In inuwar katanga ta taɓa randa, ki yayyafa makuba, in ta kai bakin madafi ki sake. Ko kaza kada ta taka mini shi. Kin ji?" Na ce na ji. Na so in gaya mata abin da Fasto ya ce, amma tana sauri, ni kuma ban san ta inda zan fara ba.

Na zauna a dakalin ƙofar ɗaki ina kallon daɓen. Yana nan a kwance, ɗanye, ja, yana ƙamshin ɗaci da ƙasa. Ina so wanda zai karanta wannan ya fahimce ni: ban yi fushi ba, ban yi niyyar saɓa wa kowa ba. Tausayi ne ya kama ni. Na ce a raina, ashe duk wahalar jiya ta wuta ce. Ashe Kaka ba ta sani ba. Sai kuma na ce, to ko Fasto ne bai sani ba? Amma shi ne mai littafi. To in duniya za ta ƙone, yaushe? Ranar nan da ke dukan katanga, ko somawar ke nan? Daga daɓen sai tunanina ya tsallaka kan sauran abubuwa, kuma a nan ne na yi abin da har yau ban iya bayyana shi yadda mai hankali zai gamsu ba. Na ji bai kamata abubuwa su ƙone ba tare da wani ya yi musu sallama ba. Na tashi, na ture zanan, na fita.

Na fara da ɗorawar bayan gidanmu, wadda ɓawonta ke cikin tukunyarmu. Na dafa ta na ce mata sai wata rana, sai na tuna ba wata rana. Na je wurin surin da muke hawa. Na gangara tafkin da muke ɗibar ruwa, ya kusa ƙafewa, kwaɗi sun taru a sauran laka, na tsaya ina tambayar kaina su kuma wane zunubi suka yi. Na ga shirwa tana shawagi na ce wataƙila ita ta tsira, sai na tuna an ce har sama za a sauya. Na wuce ta gaban gidan mai koko, tana wanke tukwane, ta ce, "'Yar Kaka, ina zuwa da ranar nan ba takalmi?" Na wuce ina tunanin ita ma, da Inna mai nono, da duk waɗanda ba sa zuwa cocinmu, sai kaina ya yi nauyi na zauna a gindin wata darbejiya. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Kiran sallar la'asar ne ya dawo da ni, na tuna inuwar katanga, na tashi da gudu.

Zanan yana buɗe yadda na bar shi. Tumakin wani mahauci maƙwabcinmu ne, biyar ko shida, ƙishirwa ta kawo su. Sun kifar da tukunyar makuba suna neman ruwa, ta malale ta bi magudana. Sun zagaye tsakar gidan kamar masu neman abin da suka yar, kofato ya nutse a ko'ina. Gefen da ba su taka ba kuwa rana ta gama da shi, ya daddare kamar faso a diddige. Na kore su ina kuka. Sannan na ƙara wa kaina laifi: na ɗebo ruwan randa na kwarara ina shafawa da tafin hannu don in rufe sawun, sai saman ya narke ya koma taɓo, sawun hannuna ya hau kan na tumaki.

Kaka ta dawo kafin magariba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta cire takalmanta, ta bi gefen katanga a hankali har ta zagaye shi, ta ɗaga tukunyar ta leƙa ciki ta ajiye. Sannan ta ce, "Ina kika je?"

Na ce, "Sallama na je yi."

"Da wa?"

"Da ɗorawa. Da kwaɗi."

Ta dube ni kamar mai duba ko zazzaɓi nake yi. Sai na kwashe wa'azin kaf na gaya mata, da wutar, da duwatsun da za su narke, da cewa mu baƙi ne. Ta ce, "Fasto ne ya faɗi haka? Yaushe?" Na ce, "Yau. Kina barci." Ta nemi turmi ta zauna a kai. Na tsaya ina jiran duka, har na fi son dukan. Can ta ce, "Ni da na zaci wasa kika tafi. Da wasa kika je, da na san abin da zan yi miki."

Da safe Inna mai nono ta zo da ƙwaryarta, ta ga abin da ya faru, ta yi salati. Ta ce, "Mu biyu ma mun isa mu gyara." Kaka ta ce makuba ta ƙare, sabuwa sai ta yi mako a jiƙe, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma ba a kiran gayya sau biyu a kan tsakar gida ɗaya. Inna ta rage murya ta ce, "To ai yaron bai gani ba tukuna. Mu shimfiɗa tabarmi a kai." Kaka ta ce, "Ni da na haife shi zan yi masa ɓoyo da tabarma?" Sannan ta yafa mayafinta, ta kama hannuna, muka nufi gidan Fasto.

Muka same shi a gindin mangwaro yana wanke kekensa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kawo mata kujera. Kaka ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Ɗana, an ce jiya ka ƙone duniya ina barci."

Ya yi dariya, da ya ga ba ta yi ba sai ya daina. Ya ce haka aka rubuta, akwai wuta a ranar ƙarshe.

"To sabuwar ƙasar da aka yi mana alkawari fa?"

"Ita ma an rubuta, Kaka."

"Sabuwa kamar zanen da aka sayo daga kanti, ko sabuwa kamar ɗakin da aka yi wa yaɓe?"

Fasto ya shafa ƙeya. Ya ce abin da ya sani shi ne can ya fi nan, babu kuka, babu ciwo, tituna na zinariya.

Kaka ta ce, "Zinariya, a rana irin ta Tamale? Ai ƙafa sai ta soye."

"Can ba a bukatar rana, Kaka. Ubangiji da kansa ne haske."

"To da me za mu shanya kuɓewa?"

Ba don raini take tambayar ba, shi ma ya gane haka, don na ga murmushinsa ya tafi. Kaka ta miƙa masa hannayenta, har lokacin a kumbure, ta ce, "Ni abin da nake son ji ɗaya ne. Abin da waɗannan suka yi shekara da shekaru, akwai wanda zai haye can, ko duk na wuta ne?" Ya daɗe yana kallon hannayen. Sannan ya ce, "Kaka, gaskiya ban sani ba. Zan koma in duba." Na girmama shi a kan wannan amsar daga baya, amma a ranar ji na yi kamar an janye mini tabarma ina tsaye. Kaka ba ta sani ba, mai littafi ma bai sani ba, to wa ya sani?

Da yamma Kawu ya zo. Ya tsaya ya kalli tsakar gidan, ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Na zaci zai yi murna, amma sai ya ce a hankali, "Mma, wannan ai ba daɓenki ne ya gaza ba, tumaki ne. In kina so mu bar maganar sai baɗi." Na ce a raina an tsira. Sai Kaka ta ce, "A'a. Magana zarar bunu ce. Kawo simintinka." Ya sake cewa, "Mma," ta ɗaga masa hannu. Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai. An buɗe mata ƙofa ta ƙi fita. Har yau ban sani ba ko alkawari ta cika, ko kuwa maganar da na ɗauko mata daga coci ce ta kashe mata gwiwa. Idan na farkon ne, laifina na tumaki ne kawai. Idan na biyun ne, ban san sunan abin da na yi ba.

Kafin mako ya zagayo Kawu ya zo da abokan aikinsa suka zuba. Aiki mai kyau ya yi, ba zan ci haƙƙinsa ba, sumul, ba tudu ba kwari. Babu wanda ya yi waƙa. Daga shekarar ba a sake kiran gayyar daɓe a layinmu ba, ciwon bayan Kaka kuma bai sake kwantar da ita mako biyu ba, wannan ma gaskiya ne. Yanzu gidan ma babu shi, shaguna ne a jere a wurin, ana sayar da taya da katin waya. Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni kuwa na yi karatun da ba ta yi ba, na karanta wuraren da ake magana a kansu da idona, na tambayi masana. Wani ya ce mini wutar ta tsarkakewa ce kamar ta maƙeri, duniyar nan ce za a wanke a mayar mana. Wani ya ce a'a, za a naɗe ta gaba ɗaya a kawo wata. Ran Lahadi nakan tsaya cikin jama'a in furta cewa ina sauraron rai na zamani mai zuwa, kuma da gaske nake yi, ba baki kawai ba. Amma idan na yi ƙoƙarin hango wurin, sai hoton ya rabu biyu, wani lokaci haske ne wanda ba ni da abin kwatanta shi, wani lokaci jar ƙasa ce mai sanyi a tafin ƙafa, kuma ban san wanne ne bege, wanne ne kewa kawai ba.

Abin da nake da shi a hannu bai wuce wata safiya a daminar shekarar ba. An kwana ana ruwa. Daɓe yakan sha abin da zai sha ya bar sauran ya wuce, ya tashi da ƙamshi, amma siminti ba ya sha, sai ruwan ya kwanta a kansa. Ni da Kaka muna share shi da tsintsiya zuwa magudana, tun ranar tumakin kuwa ba mu sake tayar da zancen ba. Tana sunkuye, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ƙawata, ke da kike zuwa makaranta. In ya zo sabuntawar, ɗaga simintin nan zai yi, ko a kansa zai yi aikinsa?"

Na ce, "Ban sani ba, Kaka."

Ta ce, "Ni ma haka." Ta ci gaba da shara. Can ta miƙe ta dafa ƙugu, ta ce, "Ni dai zan riga ki zuwa. In na tarar an gama komai, to, sai in nemi wuri in zauna in koyi hutu. In kuwa na tarar an bar mana aikin, zan ajiye miki wuri a layi, kusa da ni."

Na tsaya da tsintsiya a hannu, ruwa yana bi ta tsakanin yatsun ƙafata.

Ta sake sunkuyawa ta ce, "Amma gadin ƙofa, wani za a ba."